Kwikwiyo Mai Ɗari-ɗari: Yadda Ake Sama Masa Uban Gida A Ƙasar Ingila

A birnin Landan, kudu da kogin Thames, a wata unguwa da ake kira Battersea, akwai wani babban gida wanda mazaunansa duka karnuka ne da kyanwoyi. Waɗansunsu ɓacewa suka yi, waɗansu an yar da su ne a bakin titi, waɗansu kuwa masu su ne suka kawo su da kansu saboda tsufa, ko rashin lafiya, ko ƙaura zuwa gidan hayar da ba a yarda a ajiye dabba ba. Aikin ma'aikatan gidan shi ne su ciyar da su, su yi musu magani, sa'an nan su nema wa kowane ɗaya wanda zai riƙe shi har ƙarshen ransa.

Karen da yake da fara'a, wanda da ya ga baƙo zai taso yana kaɗa wutsiya, ba ya daɗewa bai sami mai so ba. Wanda yake ba ma'aikata wuya shi ne kwikwiyon nan mai ɗari-ɗari, wanda yake maƙurewa a lungu, ya soke wutsiya tsakanin ƙafafu, in an miƙa masa hannu jikinsa ya ɗauki ɓari. Irin wannan in ya faɗa hannun wanda bai san halinsa ba, ɗayan biyu ne: ko a komo da shi bayan 'yan makonni tsoronsa ya ninka na da, ko kuwa wata rana a matsa masa ya ciji yaron gida, daga nan maganar ta koma hannun 'yan sanda da kotu, watakila ma ya rasa ransa. Saboda haka ne masana halin dabbobi suka daɗe suna binciken inda wannan tsoro yake fitowa, da hanyar da za a bi a rage shi.

Asalin Gidajen

Tun cikin shekarar 1822 Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da wata doka ta hana zaluntar shanu da dawaki da tumaki, bisa ƙoƙarin wani wakili mai suna Richard Martin. Bayan shekara biyu, watau cikin 1824, aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda Sarauniya Victoria ta ba ta izinin amfani da sunan sarauta a 1840. Ita ce ake kira RSPCA har yau. A Amurka ma wani mai suna Henry Bergh ya kafa irinta a birnin New York cikin 1866.

Gidan Battersea kuwa wata mata ce mai suna Mary Tealby ta kafa shi cikin 1860, a wata bargar dawaki a unguwar Holloway da ke arewacin Landan, don karnukan da suka ɓace da waɗanda yunwa ta galabaitar. Ba ta sha da daɗi ba. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, mutane da yawa kuma suna cewa ina dalilin gina wa kare gida alhali ga 'yan Adam suna kwana a titi. Amma cikin 1862 mujallar da shahararren marubucin nan Charles Dickens yake bugawa ta fito da wani bayani mai yabon gidan, abin da ya taimaka ƙwarai wajen juyo da ra'ayin jama'a. Mary Tealby ta rasu a 1865, ba ta ga ƙaurar gidan zuwa Battersea ba, wadda aka yi a 1871. An fara karɓar kyanwoyi a 1883.

Akwai kuma wata babbar ƙungiya da aka kafa a 1891, wadda tun 2003 ake kiranta Dogs Trust. Ita ce cikin 1978 ta fito da wani take mai tunatar da jama'a cewa riƙon kare alkawari ne na tsawon ransa, domin an lura mutane sukan saya wa 'ya'yansu kwikwiyo a matsayin kyautar Kirsimeti, da ɗokin ya wuce sai su rasa yadda za su yi da shi. A dokar ƙasar, karen da aka tsinta yana yawo yakan zauna hannun ƙaramar hukuma kwana 7 ana jiran mai shi. In bai zo ba, ana iya miƙa shi ga ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje.

Daga Ina Tsoron Yake Fitowa?

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Abin da Turawa suke kira kunya a jikin kwikwiyo, in an bi diddiginsa tsoro ne, kuma masana sun gano yana da tushe biyu: gado da reno.

Ana haifar kwikwiyo ido rufe, kunne toshe. Sai bayan kamar mako 2 idanunsa suke buɗewa, kunnuwa su biyo baya. Daga wajen mako na 3 zuwa na 12 akwai wani ɗan lokaci wanda duk abin da ya gani, ko ya ji, ko ya sansana cikin kwanciyar hankali, zai ɗauke shi abin duniya ne wanda ba ya cutarwa. Da wannan lokaci ya wuce sai ƙofar ta fara rufewa, ya koma yana zargin duk wani sabon abu.

Waɗanda suka fi kowa bayyana wannan su ne John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka yi shekara 13 suna nazarin karnuka iri biyar a wata cibiyar bincike da ke Bar Harbor, jihar Maine ta Amurka, suka buga sakamakon aikinsu cikin 1965. A cikin irin da suka yi aiki da su har da basenji, karen farauta na tsakiyar Afirka. Sun lura 'ya'yan basenji sun fi na sauran gudun mutum suna da mako 5, amma da aka dinga ɗaukarsu ana wasa da su sai suka sake. Watau ke nan gado yana da nasa rabo, reno ma yana da nasa.

A wannan cibiya ce kuma waɗansu masana uku, Freedman da King da Elliot, suka yi wani gwaji da aka buga a 1961. Sun bar kwiyakwiyai da iyayensu mata a cikin manyan filaye masu shinge, inda ba sa hulɗa da mutane. Sai a ɗauko waɗansu suna da mako 2, waɗansu 3, waɗansu 5, 7 ko 9, a yi mako guda ana wasa da su, a mai da su. Waɗanda aka ɗauko tsakanin mako 5 da 7 su suka fi saurin sabawa. Waɗanda aka bari kuwa har suka cika mako 14 ba hannun da ya taɓa su, sun zama kamar namun daji, duk lallashin da aka yi musu daga baya bai yi wani tasiri mai yawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da gado kuma, wani masani ɗan Rasha mai suna Dmitri Belyaev ya fara wani aiki a Novosibirsk cikin 1959, da wani irin yanyawa da ake kiwo don fatarsa. A kowace haihuwa sai ya ware waɗanda ba su cika gudun mutum ba, ya bar su kaɗai su hayayyafa. Bayan 'yan zuriyoyi aka fara samun waɗanda suke zuwa wajen mutum suna kaɗa wutsiya kamar karnuka. Wannan ya nuna cewa sakin jiki da mutane abu ne da ake iya gada, haka ma ɗari-ɗari.

Yawancin kwiyakwiyan da suke isa gidajen nan da tsoro, lokacin nan mai daraja ne ya wuce su. Waɗansu an haife su ne a kango, waɗansu kuwa a gonakin 'yan kasuwa masu tara karnuka mata a keji suna haihuwa don a sayar, ba su taɓa jin ƙarar mota ko muryar yaro ba. Don a karya wannan ciniki ne aka kafa doka a Ingila cikin Afrilu 2020, wadda ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Mai so sai dai ya je wajen wanda karyarsa ta haifa, ko kuwa gidan kula da karnuka.

Shi kansa zaman gidan ma yana ƙara musu firgita. Wani bincike da Michael Hennessy da abokan aikinsa suka buga a Amurka cikin 1997 ya nuna cewa sinadarin da jiki yake fitarwa a lokacin damuwa yana da yawa ƙwarai a jinin karnuka cikin kwana ukun farko na shigarsu, sa'an nan ya fara sauka. Ga haushin ɗaruruwan karnuka, ga ƙarar ƙofofin ƙarfe, ga baƙin fuskoki kullum. Kunnen kare kuwa ya fi na mutum ji nesa ba kusa ba, yana jin siririn sauti wanda ɗan Adam ba ya ji sam.

Kafin A Ba Mutum Kare

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa samun kare a waɗannan gidaje ya yi kama da neman aikin gwamnati. Mai nema zai cika takarda, ya faɗi irin gidan da yake zaune, ko nasa ne ko na haya, ko akwai shinge, ko akwai yara da shekarunsu, ko akwai wata dabba, da kuma awa nawa gidan yake zama ba kowa. Daga nan a yi masa tambayoyi baki da baki, wani lokaci ma a tura ma'aikaci ya ga gidan. Ma'aikatan ne suke duba wane kare ya dace da wane gida. Kwikwiyo mai tsoro ba safai ake ba da shi ga gida mai ƙananan yara da yawan baƙi ba. An fi son gida mai shiru, in da hali wanda yake da wani babban kare mai natsuwa, domin ƙarami yakan kwaikwayi babba.

Sau da yawa akan bukaci mai nema ya zo ya ga kwikwiyon fiye da sau ɗaya kafin ya tafi da shi. Zai biya wani kuɗi wanda yake rage wa gidan abin da ya kashe, ya kuma sa hannu a yarjejeniya cewa in riƙon ya gagare shi zai komo da shi, ba zai sayar ko ya yar ba. Kafin kwikwiyo ya fita an duba lafiyarsa, an fara masa allurar rigakafi, an kuma sa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyansa, wadda take ɗauke da lambar da za a gane mai shi. Tun Afrilu 2016 sa wannan na'ura ya zama tilas a Ingila da Sikotilan da Wales, wanda ya ƙi kuwa ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500.

Har ila yau akwai dokar kula da dabbobi ta 2006, wadda ta ɗora wa duk mai dabba nauyin abubuwa biyar: wurin zama mai kyau, abincin da ya dace, damar yin halinta na dabba, zama tare da 'yan uwanta ko nesa da su gwargwadon bukatarta, da kare ta daga ciwo da wahala. Wanda ya gaza ana iya gurfanar da shi gaban alƙali.

Kwanakin Farko

Kuskuren da sababbin masu riƙo suka fi yi ƙauna ce take jawo shi. Da an iso gida sai kowa ya taso, wannan ya ɗauka, wancan ya rungume, a kira maƙwabta su zo su gani. A wurin kwikwiyon da bai san mutane ba, wannan daidai yake da a ce kuraye sun kewaye shi.

Abin da ma'aikatan gidajen suke shawarta shi ne a tanadi wani lungu mai shiru tun kafin ya iso, a sa masa shimfiɗa da ruwa, da wani akwati ko keji mai buɗaɗɗiyar ƙofa wanda zai iya shiga ya ɓuya. In an samu, a taho da tsumman da yake kwana a kai a can, saboda ƙanshin da ya sani yana kwantar masa da hankali. Dokar gidan ita ce in ya shiga wannan wuri ba mai bin sa, ba mai jawo shi. Akan ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba ci, a kan lokaci ɗaya kullum, domin canjin abinci farat ɗaya yana sa shi zawo. Ana fitar da shi ya yi bawali da ya tashi daga barci, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa. In ya yi a ɗaka a goge kawai ba tare da tsawa ba. Kwikwiyo yana bukatar barci mai yawa, har awa 18 ko fiye a yini da dare, wanda bai sami barci ba kuwa ya fi saurin firgita.

Mai gida zai zauna a ƙasa, nesa kaɗan, ya ba shi gefen jiki, kada ya zuba masa ido, domin a wurin kare kallon ƙurilla neman faɗa ne. Yana iya karanta jaridarsa, jefi-jefi ya jefa ɗan guntun nama kusa da shi. Ranar da kwikwiyon ya tako da kansa ya sansana ƙafar mai gida, a bar shi ya gama ya koma. In lokacin shafa ya yi, a fara daga ƙirji ko gefen wuya. Hannun da ya zo ta saman kai tsoro yake ba shi.

Masu wannan aiki suna da wani ƙiyasi da suke faɗa wa mutane: kwana uku na ruɗewa, mako uku na fara gane tsarin gida, wata uku na sakin jiki. Ƙiyasi ne kawai don a san abin ba na gaggawa ba ne, kwikwiyo mai tsananin tsoro yana iya ɗaukar fiye da haka. A cikin waɗannan makonni ne kuma aka fi samun ɓacewa, saboda ƙara ɗaya tana iya sa shi ya fizge ya ruga. Don haka akan duba shinge da kyau, a riƙa rufe ƙofa, in za a fita da shi kuma a ɗaura masa igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙirji.

Karatun Jikin Kare

Kare ba ya cizo haka kawai. Kafin ya kai ga haƙori ya yi magana sau da yawa da jikinsa, sai dai ba a ji ba. Farkon alamun su ne hamma ba tare da barci ba, da lasar hanci, da kau da kai. In ba a kula ba sai ya kwantar da kunnuwa, ya soke wutsiya, ya ja da baya, farin idonsa ya bayyana. Wani yakan kwanta ya buɗe ciki, mutane su zaci so yake a shafa shi, alhali roƙo yake a ƙyale shi. In duk wannan bai yi amfani ba sai ya sandare, sa'an nan gurnani, sa'an nan cizo.

Kaɗa wutsiya ma ba kullum yake nufin murna ba. Wutsiyar da ta miƙe ta ƙage tana ɗan motsi da sauri, jiki kuma a sandare, gargaɗi ce. Masana suna jan kunne ƙwarai kada a hukunta kare don ya yi gurnani. Wanda aka doke shi saboda gurnani zai daina gurnanin, tsoron kuwa yana nan, gobe sai ya ciji mutum ba tare da sanarwa ba. Wajibi ne a koya wa yaran gida kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su rungume shi, kada kuma a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai ko da na minti ɗaya ne.

Yadda Ake Rage Tsoron

Hanyar da ake bi a yau ta samo asali ne daga nazarin halin ɗan Adam. Cikin 1924 wata masaniya a Amurka mai suna Mary Cover Jones ta yi aiki da wani ƙaramin yaro mai tsoron zomo. Sai ta riƙa ajiye zomon can nesa yayin da yaron yake cin abin da yake so, kullum tana ɗan matso da shi, har ya zamana yaron yana wasa da zomon. Daga baya wani likita, Joseph Wolpe, ya tsara wannan dabara sosai a 1958.

Haka ake yi wa kwikwiyo. A ce yana tsoron maza masu hula. Sai a sa wani mai hula ya tsaya a nesa, inda kwikwiyon zai gan shi amma bai firgita ba har yana iya cin abinci. Da ya dube shi sai a ba shi guntun nama. Mutumin ya tafi, nama ya ƙare. Ana maimaita wannan na 'yan mintoci kullum, ana rage nisan kaɗan-kaɗan. A hankali sai ya haɗa ganin mai hula da zuwan abin daɗi. Ma'aunin da ake dubawa shi ne cin abinci: in ya ƙi karɓar naman da yake so, an matso da yawa ke nan, sai a koma baya. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan hanya ake bi wajen ƙarar mota, da babur, da tsawa, da hawa mota, da zaman kaɗaici, wanda shi ma akan fara daga minti ɗaya.

Akwai masu cewa a jefa shi tsakiyar kasuwa kawai ya saba dole. Likitocin dabbobi ba su yarda da wannan ba. Kwikwiyon da aka yi wa haka yana iya yin shiru, amma shirun wanda ya fid da rai ne. Haka nan tsohon ra'ayin nan cewa dole mai kare ya danne shi ya nuna masa shi ne shugaban garke ya samo asali ne daga nazarin kyarketai baƙin juna da aka tara a shinge. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya bayyana a 1999 cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Yankin Wales ya hana amfani da abin wuyan nan mai jan lantarki tun 2010. In tsoron ya yi tsanani, akan kai kwikwiyon wajen likita, domin wani lokaci ciwo ne a kunne ko a gaɓa yake sa shi gudun hannu, wani lokaci kuma akan haɗa horon da magani.

Gaskiyar da ma'aikata ba sa ɓoye wa mai nema ita ce, ba kowane kwikwiyo mai tsoro ne zai zama mai son taro ba. Da yawa sukan shaƙu da mutanen gidansu ƙwarai, amma su ci gaba da kaffa-kaffa da baƙi har tsufansu. Wanda zai ɗauka ya san da haka, ya kuma san kare yana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15.

Lafiya Da Abinci

Akan fara allurar rigakafi kwikwiyo yana da kamar mako 8, a maimaita bayan mako 2 zuwa 4. Cikin cututtukan da ake tsoro akwai parvo, mai sa amai da zawon jini, wadda ta ɓulla a duniya cikin 1978 ta kashe karnuka masu ɗimbin yawa. Kafin allurar ta kama ba a barin sa ya taka inda baƙin karnuka suke yawo. Amma da yake lokacin sabo ba ya jira, akan ɗauke shi a hannu a fita da shi ya ga duniya daga nesa. Akwai kuma maganin tsutsar ciki, wadda take iya kama yara masu wasa da ƙasa, da maganin ƙuma da kaska. Albasa da cakulan da inabi guba ne ga kare, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Nan

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin karen farauta, da na makiyaya, da na gadi, ma'aikata da yawa kuma suna ajiye kare a gidajensu saboda ɓarayi. Kwikwiyo a nan yawanci daga hannun maƙwabci ko abokin aiki yake fitowa, amma halittarsa ɗaya ce da ta na Landan. Akwai masu ganin in ana son kare ya yi zafi sai a kulle shi a duhu tun yana ƙarami, kada ya ga kowa. Gwajin 1961 ya nuna abin da wannan yake haifarwa: kare mai tsoro, wanda ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabcin da ya shigo ɗaukar ƙwallo.

A nan kuwa cizo ya fi haɗari, saboda ciwon haukan kare, wanda Birtaniya ta rabu da shi a cikin karnukanta tun 1922. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira. Amma yana da rigakafi tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa. Ana yi wa kwikwiyo allurarsa yana da wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a jihar Filato, wadda ta fara aiki a 1924, tana cikin masu yin wannan allura, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da asibitocin dabbobi na jihohi. Masana sun tabbatar in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru da karen.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin kwikwiyo, kafin ya miƙa hannu ya tambayi makonsa nawa, kada ya karɓa bai cika 8 ba. Ya nemi ganin uwar, ya duba yadda take karɓar baƙo. Ya tambaya ko yara sun saba wasa da shi, ko an yi masa allura. Sa'an nan ya tambayi kansa ko yana da wuri, da lokaci, da abin ciyarwa na shekara goma ko fiye. In amsar ba ta gamsar ba, gara ya bar shi ga wanda zai iya.